Mu 'Yan Gida Ne

Wata ranar Litinin ce a tsakiyar watan Agusta, shekarar da nake aji uku a firamare, Baba ya taimaka aka goya ni a bayan Mama duk da girmana, ya ɗora mu a mashin ɗin maƙwabcinmu, muka nufi asibitin Kafanchan cikin yayyafi. Tun asuba ake ruwa, hanyar ƙauyenmu ta dame, jar laka tana fallatsa har gwiwar Mama. Abin da nake iya tunawa shi ne ƙamshin citta a jikin zaninta, da yadda kaina yake lilo kamar ba nawa ba. Zazzaɓi ya daɗe da kwantar da ni. An dafa min ganyen gwaiba da na darbejiya, an sayo ƙwayoyi a kemis, amma ko kunun acca na kurɓa sai ya dawo. Da na daina neman ko ruwan sha, sai Mama ta ce gona ta jira.

Gona kuwa ba ta san jira ba a wannan lokaci. Ana cikin noman citta, ciyawa tana tsere da mutane, ga gwaza a fadama, ga dauro yana son a dasa shi. Ni aikina shi ne in ɗebo ruwa a rafi kafin a buga ƙararrawar makaranta, in yanko wa aladu ganyen dankali da yamma, in kore kaji daga shanyar hatsi. A makaranta kuma ba a ja da ni a carafke, duwatsuna ma a ƙulle suke a bakin ɗankwalina, har Mama takan ce da na iya lissafi kamar yadda nake cafe dutse da tuni an ba ni aji in koyar. Gidanmu yana bakin hanyar coci, shi ya sa ba ma rabuwa da baƙi. Ko biki ake, ko zaman makoki, ko matan zumuntar coci sun taru, tsari ɗaya ne a garinmu: a fara sallamar wanda ya zo daga nesa, na gida ya ci abin da ya rage a gindin tukunya. In na miƙa kwanona da wuri, Mama takan ture shi a hankali ta ce, “Ki jira, ke ta gida ce.” Ba mu ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci ba. Girma ne a ce da kai na gida.

Da aka ba mu gado a ɗakin yara, Mama ta ɗaga kai ta ga nas ɗin da ke aiki, sai na ji ta sauke ajiyar zuciya. Sista Rifkatu ce, 'yar garinmu, wadda mahaifiyarta ke ja mana waƙa a zumuntar mata. Mama ta goya ta tana jaririya, ta kuma yi rawa ranar da ta gama makarantar aikin jinya. Suka gaisa da yarenmu, Rifkatu ta ɗan rusuna, ta nemo jijiya a bayan hannuna na dama, ta sa min ƙarin ruwa da maganin zazzaɓi a ciki, ta liƙe da filasta. Baba ya koma gida da kwanciyar hankali, yana cewa Ubangiji ya riga mu isowa.

Washegari da hantsi hannun ya fara yi min zugi. Ruwan ya rage gudu, bayan hannuna ya tasa, ya yi sanyi ƙalau. Mama ta je ta tsaya a gefen teburin nas-nas har Rifkatu ta lura da ita. “Mama, ai ku na gida ne,” in ji ta, “bari in sallami waɗannan tukuna.” Mama ta dawo ta zauna, fuskarta har da ɗan alfahari. Can da rana Rifkatu ta biyo ta gabanmu, ta ɗalli robar da yatsa, ta matse ledar ruwan don ya ƙara sauri, ta wuce ba ta ko ɗaga zanin da aka lulluɓe ni da shi ba. Ban ce aiki bai yi mata yawa ba, gadajen cike suke, wasu yaran ma a tabarma. Amma da idona na gan ta a baranda tana ɓare gyaɗa da ƙawayenta, suna dariya, alhali ina kuka har muryata ta dushe. Sauran nas-nas ɗin kuma duk wadda Mama ta tara sai ta ce, “Ba ku ne mutanen Sista Rifkatu ba? Tana zuwa.” Kowa ya bar mu gare ta, ita kuma ta bar mu sai ƙarshe.

A gadon da ke kusa da namu akwai Inna Talatu, wata dattijuwa Bahaushiya mai sayar da daddawa a garin Kasuwan Magani, tana jinyar jikanta. Ba ta da kowa a asibitin, saboda haka ba ta jin nauyin kowa. In lokacin allurar jikanta ya yi, tsayawa take a kan nas har sai an taso. Bayan ta idar da sallar la'asar ta leƙo ta ɗaga zanina, ta daɗe tana kallon hannun. Ya kumbura har gwiwar hannu, yatsun sun yi tauri, gefen filastar ya yi ƙuraje masu ruwa. “Maman Alheri,” ta ce, “kunyar nan taki a hannun yarinyar nan take sauka.” Mama ta ce ai Rifkatu 'yarta ce, ba za ta kai ƙarar 'yarta gaban mutane ba, in ma akwai magana sai an koma gida a gaya wa uwarta. Inna Talatu ta girgiza kai, ta jiƙa tsumma ta ɗora min a goshi.

Haka muka wayi gari. Na gaji da kuka na koma nishi, fatar bayan hannuna ta fara yin baƙi. Mama ba ta taɓa paten da aka kawo mana daga gida ba, tana zaune tana kallon ƙofa. Da Rifkatu ta shigo tare da babbar nas da likita suna zagayen safe, ta ɗago wa Mama hannu daga nesa, alamar tana zuwa, sannan ta nufi ɗaya ɓangaren da su. Sai Mama ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta taka tsakiyar ɗakin ta tare musu hanya. Rifkatu ta yi mata magana ƙasa-ƙasa da yarenmu, amma Mama ta amsa da Hausa, irin Hausarta ta kasuwa, yadda kowa zai ji. “Sista, daga yau ni baƙo ne. Ban san ki ba, ba ki san ni ba. Yarinya na hannun shi yana ruɓewa, a zo a duba shi kamar na baƙo.” Ta tsaya a gabansu, ba ta matsa ba.

Likitan ya zo ya ɓare filastar, ya ja tsaki, ya zare allurar da kansa. Ashe tuni ta goce daga jijiya, maganin duk cikin tsoka yake ta zuba. Babbar nas ta yi wa Rifkatu faɗa a gaban majinyata, aka ɗauke ta daga ɗakinmu. Zazzaɓin ya tafi ba da daɗewa ba, amma gyambon ya riƙe mu a asibiti har masara ta nuna, kullum a wanke a ɗaure, kullum sai an danne ni. Hannun dai ya tsira, sai yatsu biyu na ƙarshe da suka ƙi lanƙwasa har yau. Na koma makaranta na koyi rubutu da hagu, malami yana dukan tebur, ƙawayena suna cafe duwatsu ina zaune ina tsare musu takalma.

A gida ne Mama ta sha abin da ya fi na asibiti. Labari ya riga mu isa cewa ta tsinka 'yar gari a gaban bare. Mahaifiyar Rifkatu ta daina amsa gaisuwarta, ranar gayyar haƙar cittarmu mata kaɗan ne suka zo. Daga baya dattawan ikilisiya suka zaunar da su don sulhu, aka yi addu'a, aka ce kowa ya yafe, aka kuma roƙi Mama, tunda ita ce babba, ta fara ba da haƙuri. Ta bayar. Da muka dawo ta zauna a bakin murhu ta jawo hannuna tana shafa tabon da man kaɗanya, ta ce, “Su suna fushi don na yi magana, ni ina fushi da kaina don ban yi da wuri ba.” Ban taɓa ganin ta gaji kamar ranar ba, kuma na ji haushin garinmu gaba ɗaya.

Yanzu ina da 'ya'ya, a Kafanchan nake zaune, kuma nas-nas sun san ni da naci. In aka sa wa ɗana ƙarin ruwa ba na matsawa daga gefen gadon, ina ɗaga filasta, ina tambayar sunan magani, in an ce ana zuwa sai in bi bayan mai zuwan. Wani lokaci nakan ji wata nas tana waya da yarenmu, bakina ya cika da gaisuwa, in so in tambaye ta 'yar gidan wa ce, ko an yi ruwa a gida, ko citta ta yi kyau bana. Sai in haɗiye, in ce mata sannu da aiki da Hausa. Ina kewar lokacin da jin yarenmu a baƙon wuri yake sa Mama ta saki jiki, amma ni ban iya ba. Yarana suna samun kulawa da wuri, ni kuma ba ni da kowa a asibiti.