Kwalbar Habu

Har gobe ba na jin zan manta da ranar da wani mutum ya nuna min sunan wurin aikina a fuskar wayarsa, yana murmushi kamar hotona ya tsinta. Ina so ku ji labarin, ku ƙannena da kuka shigo wannan aiki a bayanmu, domin abin da na koya a kansa ba a lakwal, wato makaranta, na koyo shi ba.

Wajajen shekarar 2013 ne, ina aiki a wani ƙaramin labo, ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa, a gefen Lyon. Ni ba likita ba ce. Matsayina mai gwaji, ina zaune gaban na'ura daga safe har la'asar. A samana akwai shugabar sashe, Madam Odil, mace mai furfura da ƙarancin magana, ita ke sa hannu a kan duk sakamakon da zai fita. Aikinmu gwajin haya ne: mai yin sabulu, ko mai man shafawa, ko ɗalibin jami'a ya aiko da samfuri, mu gaya masa abin da ke ciki.

A shekarun nan ne wasu sababbin masu kawo aiki suka fara yawa, wato masu sayar da peptid a intanet. Ga wanda bai sani ba, peptid ɗan guntun furotin ne. Akwai waɗanda magunguna ne na gaske, likita ke rubuta su. Waɗanda nake magana a kansu kuwa ba a ba kowa izinin sayar da su a matsayin magani ba. Farin gari ne a gindin 'yar kwalba wadda ba ta kai tsawon yatsa ba. A jikinta sukan rubuta cewa don bincike ne kawai, ba don jikin mutum ba, alhali kowa ya san masu saye narkar da shi suke yi su yi wa kansu allura, wani don jijiya, wani don tsoka, wani don rage ƙiba.

Mai sayarwa zai aiko mana da kwalba ɗaya ta gidan waya. Mu narkar da garin, mu zuba a na'urar da ke rarrabe abin da ke cikinsa. Na'urar tana zana tuddai a fuskar allo. In tudu ɗaya ne dogo ya tashi shi kaɗai, garin ba shi da gauraye. Sai wata na'ura ta biyu ta tabbatar mana cewa abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Daga nan Madam ta sa hannu, takarda ta tafi. Ba ma duba ƙwayoyin cuta, wannan aikin wani labo ne daban. Ba ma kuma cewa abu ya dace da jikin mutum. Kwalbar da ta shigo hannunmu kaɗai muke ba da shaida a kanta.

Zamana a Lyon zama ne na shiru. Ɗakina yana can sama, tagarsa na kallon rufin gidajen mutane. Nakan yi kwanaki ban yi Hausa da kowa ba sai da tukunyata. In ruwan sama ya sauko nakan tsaya bakin taga ina ƙirƙira wa masu wucewa labari: wancan mai lema zai je tarbar matarsa, waccan mai jan mayafi wani na jiranta. Ni dai babu mai jirana, sai in ƙarshen wata ya zo na hau jirgin ƙasa zuwa Paris.

A Montreuil da ke gefen Paris nake sauka, gidan Inna Ladi, ƙawar mahaifiyata tun daga Damagaram. Tana girki a kantin abinci na wani fuwaye, irin gidajen nan da ma'aikata maza 'yan Afirka ke zama ɗaki-ɗaki. A nan na san Habu, mutumin Maradi, dogo, mai dariyar da ke fara fitowa daga idanu kafin ta iso baki. Aikinsa kwasar kayan masu ƙaura daga gida zuwa gida: firji, kabad, gado, a kafaɗa, sau da yawa a benen da ba lif. Lokotoro yake kirana, wato likita, ko da na sha gaya masa ban kai nan ba.

"Lokotoro, kin iso lafiya? Ya mutanen Lyon, har yanzu ba su koyi gaisuwa ba?"

"Suna koyo, Yaya Habu. Jiya ma wani ya ɗaga min gira."

Inna Ladi tana zuba dambu tana cewa, "Wannan bawan Allah, duk ran da Rakiya ta zo sai ya ci abincin rana sau biyu. Ban san irin yunwar ba."

Bai taɓa furta min komai ba, ni ma haka. Amma da wannan 'yar hirar nake rayuwa wata guda cur a Lyon, ina juya ta a raina kamar alewar da ba na so ta narke.

Da sanyi ya shigo na lura yana ɗaukar cokali da hagu. Kafaɗarsa ta dama ta samu matsala, jijiya ce ta ja a wurin sauko da injin wanki. Na ce ya je asibiti. Ya ce in ya je za su ba shi hutun jinya, kwangilarsa kuwa ta ɗan lokaci ce, mai gidansa ba zai jira shi ba, ga uwa da ƙanne a Maradi suna kallon hannunsa.

Zuwana na gaba ne ya tarbe ni da fara'a, ya ja kujera kusa da ni, ya miƙo wayarsa.

"Duba nan. Ba a nan kike aiki ba?"

Shafin wani mai sayar da peptid ne. A tsakiyarsa ga hoton takardarmu, da sunan labonmu, da sa hannun Madam Odil.

"Wani abokin aikina ne ya nuna min," in ji shi. "Da fari na ƙi. Da na ga sunan nan sai na ce shi ke nan, kayan nan ya bi ta hannun Rakiya. Na fara tun makon jiya."

Gabana ya faɗi, kuma a cikin faɗuwar akwai wani daɗi, don ban taɓa jin wani ya ambaci sunana da irin wannan yarda ba. Na ce, "Yaya Habu, kwalba ɗaya aka aiko mana. Ba taka ba ce."

"To ai uwa ɗaya uba ɗaya suke."

"Wa ya ce maka? Mai sayarwa shi ya zaɓi wadda zai aiko. In ya ga dama mai kyau ya tura mana, ya sayar maka da wata."

Ya yi dariya ya juya wajen Inna. "Kin ji ta ko? Ba ta son yabo. Aikin hannunta ne take kushewa."

A nan na gane inda matsalar take. Mu mutanen gida ba takarda muke tambaya ba, hannu muke tambaya. In za ka aika saƙo Maradi, ka ce wa zai tafi? In an kawo nama, ka ce wa ya yanka? Da an ambaci wanda ka sani, magana ta ƙare, sake tambaya ma rashin kunya ne. Habu bai karanta ko layi ɗaya na takardar nan ba. Fuskata ya gani a jikinta.

Na ce ya ba ni kwalba ɗaya daga cikin nasa, kuma ya dakata da allurar sai ya ji daga gare ni. Ya hau ɗakinsa ya sauko da ita a naɗe cikin hankici, da sanyin firji a jikinta.

"Riƙe ta da kyau," ya ce. "Kyautata ta farko ke nan gare ki."

A kan dakatawa kuwa cewa ya yi, "Sai mu gani. Litinin akwai aiki."

Da safiyar Litinin na ƙwanƙwasa ofishin Madam Odil na ajiye kwalbar a teburinta, na yi mata bayani. Ƙa'idar labo ita ce ma'aikaci ba ya shigo da samfurin kansa ya gwada a ɓoye. Dole a yi masa rajista kamar na kowa, a ba shi lamba, sunan mai shi ya ɓace.

"Mene ne shi a wurinki?" ta tambaye ni.

"Ɗan ƙasarmu ne."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "To ba ke za ki taɓa ta ba. Wanda yake fatan wani sakamako ba ya tsayawa gaban na'ura." Ta ba wani abokin aikina gwajin, ta ce a ɗebi rabi a aika labon da ke duba ƙwayoyin cuta. Ta kuma buɗe shafin mai sayarwar ta duba. Takardar tamu ce ta gaskiya, amma ta wata kwalba ce da aka gwada tun bara.

Ranar da aka sa kwalbar Habu a na'ura ina can ɗaya gefen ɗakin ina wanke kayan aiki, bayana ga allon. Ina ta addu'a a ce ni ce na yi kuskure, in koma Montreuil ya yi min dariya har bazara. Sai na ji abokin aikina ya yi tsaki a hankali. Na juya. Maimakon tudu ɗaya dogo, wani gajeren tudu ne a tsakiyar ƙananan tuddai barkatai. Abin da aka yi alkawari kaɗan ne a ciki, sauran ba mu ma san sunayensu ba. Bayan 'yan kwanaki ɗaya labon ya aiko da nasa: akwai dafin ƙwayoyin cuta a garin.

Na fita harabar labo da tsakar rana na kira shi. Yana cikin kamiyo, motarsu ta kwasar kaya, ina jin ƙarar titi.

"Yaya Habu, ka daina?"

Ya fara zancen cunkoson titi, na katse shi.

"Inda kake yin allurar, yaya yake?"

"Ya ɗan kumbura. Da zafi kaɗan. Aiki ne maganin ke yi."

"Ba aiki ba ne. Ka sauka daga motar nan ka tafi asibiti yau, ka tafi da sauran kwalaben ka nuna musu. In ka bari ya shiga ciki, hannun ne gaba ɗaya."

Na gaya masa abin da muka gani. Na yi zaton tsoro zan ji a muryarsa, ko fushi. Da ya yi magana sai na ji wani abu daban.

"Na gaya wa mutane, Rakiya. A fuwaye. Na ce musu 'yar gida ce ta gwada da hannunta. Har da Malam Isufu mai ciwon gwiwa, dattijo ne, sa'an babana."

"To ka gaya musu su daina."

"In ce musu me? In ce na yi ƙarya da sunanki?"

"Ka ce musu Rakiya ta gwada taka, kuma ba ta da kyau. Wannan gaskiya ce, ka yi amfani da sunan nawa yadda kake so."

Ya je asibiti a ranar. Sun tsaga wurin sun fitar da mugunya, suka riƙe shi kwanaki. Likitan ya ce da ya ƙara jinkiri da maganar ta zama wata. Inna Ladi ta gaya min cewa kafin ya tafi sai da ya bi ɗakunan fuwaye ɗaya bayan ɗaya, da zazzaɓi a jikinsa, yana karɓe maganarsa daga hannun duk wanda ya ba. Wasu sun yi godiya. Wasu sun yi masa ba'a, suna tambayarsa ko lokotoron tasa ta Lyon ta fasa ne. Aikin kwasar kaya kuwa ya tafi, kamar yadda ya ji tsoro.

Ranar Asabar na je duba shi da kwanon dambu daga Inna. Yana zaune bakin gado, hannu a rataye. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa: ya hanya, ya aiki, ya sanyi, ya labarin gida, ya su Hajiya, ya ƙanne. Bai tsallake ko ɗaya ba. Irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ake girmamawa ce, kuma kowace tambaya tana ƙara matsar da kujerata nesa da shi.

"Fushi kake yi da ni?" na tambaye shi.

"Wane ni. Kin cece ni." Ya kalli ƙasa. "Kunyarki nake ji. Na ɗauki sunanki na yi talla da shi a gaban maza."

"Ni ban damu ba."

"Ni na damu."

Na so in gaya masa cewa a duk ƙasar nan shi kaɗai ya taɓa ɗaukar sunana ya kai wani wuri. Ban iya ba. Na ajiye kwanon na ce Allah ya ƙara sauƙi.

A labo, Madam Odil ta rubuta wa mai sayarwar ya cire sunanmu. Shafin ya rufe, ba da daɗewa ba wani ya buɗe da sabon suna da irin hotunan kwalaben. Daga baya ta yanke cewa ba za mu ƙara karɓar samfuri daga masu sayar da irin wannan kaya ba.

Habu an yi masa aikin jijiya, ya samu gadi a wani kanti. Ya daina saukowa kantin abinci a ranakun da nake zuwa. Bayan wasu shekaru na gan shi a wani taron suna a Bobigny, da matarsa, 'yar Tawa mai fara'a. 'Yarsu ta yi kuka, ya sunkuya ya ɗaga ta sama da hannu biyu har ta taɓa fitila. Na tsaya daga bakin ƙofa ina kallon kafaɗar nan tana aiki, na ce alhamdu lillahi, kuma da gaske nake.

Ga abin da nake so ku riƙe. Duk takardar da ta fita daga hannunku shaida ce a kan kwalba ɗaya, a rana ɗaya. Amma can waje ba haka ake karanta ta ba. Wani zai gan ta ya tuna yana da ƙanwa ko maƙwabci a wannan aiki, ya soka allura a jikinsa saboda ku. In irin wannan mutum ya zo muku da murmushi, ku gaya masa iyakar abin da kuka gani, ko da shi kaɗai ne mai yi muku murmushi a garin. Wataƙila ba zai ƙara zama kusa da ku ba. Amma zai ɗauki 'yarsa.