Layar Madubin Motar Baba

Motar Baba 'yar Kwatano ce, fara, kuma ta tsufa tun kafin ta iso hannunsa. Da aka yi rabon gado ni ta faɗo wa, ba don na fi kowa ba, sai don ni kaɗai ne nake zaune a Talata Mafara kusa da Inna, kuma ni kaɗai na yarda in riƙa neman masu tura ta in ta ƙi tashi. Amma kowa a gidan ya san motar ba tawa ba ce. Ta Inna ce, ko da yake ba ta taɓa kama sitiyari ba.

Dalilin kuwa kaset ne. A cikin rediyon motar akwai wani tsohon kaset da Baba ya ɗauka da bakinsa tun lokacin da mutanenmu ke aika wa 'yan uwa mazauna Makka saƙon murya maimakon wasiƙa. Ƙaninsa ya yi wa, amma kafin a sami mai tafiya labarin rasuwar ƙanin ya iso, kaset ya zauna. In baƙo ya saurara ba zai ji wani abin kirki ba: gaisuwa mai tsawo, labarin albasar Bakolori, ƙorafin ruwan madatsa da aka saki a makare, sannan jerin masu gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar jerin ne yake cewa, "Uwar ɗiya na gaishe ka, ga ta nan tana ɓoye huska, ta ƙi magana." Sai a ji dariyar Inna daga nesa, dariyar mace mai ƙuruciya. Sai ya ƙara da cewa, "Ka yi mata addu'a, gidan ga nata na, ni baƙo nike."

Tun da ta fita takaba, kullum bayan la'asar Inna takan ce za ta sha iska. Ta shiga gaban motar a gindin dogon yaro, ta bar ƙofa a buɗe, ni kuma in murɗa makulli in ba ta wuri. Ba ta taɓa cewa a kunna mata kaset ba, ni ma ban taɓa nuna na san abin da take sauraro ba. Haka muka yi kusan shekara.

Sai batir ya mutu. Na kai wa bakanike ya cire ya sa sabo, mota ta tashi lafiya lau, rediyo kuwa ya yi shiru. A fuskarsa sai wata kalmar Turanci da ɗigo huɗu suna ƙyafta ido. Na danna wurin fitar da kaset, ko motsi. Bakanike ya leƙo ya ce, "Lambar sirri shika nema, na Turai duk haka suke, don ɓarayi." Yadda ya faɗa sai ka ce ya sani tun jiya. Ya sani ɗin kuwa, kawai bai ga dalilin gaya mini ba kafin ya zare wayar batir.

Ranar Inna ta zauna a motar, ta jira, ta ji shiru, ta fito ta ce sanyi ya yi yawa. Ana tsakiyar bazara.

Ran Talata na kai motar wurin mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Mutum ne da ke zaune cikin gawawwakin rediyoyin da ya kashe da hannunsa, amma yana magana kamar shi ya ƙera na farko a duniya. Ban gama bayani ba ya miƙa yatsa ya danna ɗaya, biyu, uku, huɗu. Rediyo ya yi ƙara ya ƙi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Wanga mai taurin kai na." Wato laifin rediyo ne. Ni ma kada in wanke kaina: da na koma gida na zauna na danna lambar bayan motar, wai ko Bature ya san da ita tun yana ƙera rediyon. Ta ƙi, na fito ina waige kada wani ya ganni.

Na zazzage aljihun motar, na zazzage jakar takardun Baba. Akwai takardar gona, katin asibiti, har da rasidin keken da ya sayar tun ban shiga makaranta ba. Mutumin da ya adana wannan ba zai yar da lambar rediyo ba. Don haka na nufi Bakura wurin dillalin da ya sayo masa motar, wani dattijo abokinsa.

Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi Inna, ya tambayi zafi, ya yi wa Baba addu'a, ya sake tambayar gida. Sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Sau nawa kunka taɓa?" ya tambaya.

"Sau biyu."

"To ku ɗauke hannu. Wanga iri uku shika ba mutum, in anka ɓata na ukun ya rufe ke nan har abada. Amma mi ya kai ku ga wahala? Lambar na nan rataye ga madubi."

Na ce babu komai a madubi.

Ya ce, "Ɗan kati na, kamar na zaɓe. Ran da munka ɗauko motar na ce mai ya riƙe shi kamar idonai. Yac ce takarda ɓata takai, yara su yage, masu wankin mota su yar, amma abu guda babu mai taɓawa cikin mota. Tare munka tai wurin baduku, anka naɗe katin, anka ɗinke shi cikin jar hwata, anka sa mai igiya. Duk wanda yag gani cewa shikai laya ta."

Ni kuwa na san inda layar ta tafi, kuma ina tsaye aka yi.

Ina da ɗan baffa a Maradun, ya girme ni da shekara biyar. Ya taɓa zuwa karatu na 'yan watanni wani gari, ya dawo da jaka cike da littattafan da bai gama buɗewa ba, tun daga nan babu wanda ya sake yin alwala daidai a danginmu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, shi kuwa nasa ya shaƙe shi har ba ya iya juya wuya ya tambayi na kusa. Ranar sadakar uku ta Baba, gida cike da mutane, ya hango jar fatar nan tana lilo a madubi. Ya nemi reza ya yanke igiyar, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani, ya yi jawabin da babu wanda ya roƙa, ya ce zai sauke wa mamaci nauyi. Ya jefa ta a murhun da ake dafa wa baƙi abinci. Bai farke ɗinkin ba, bai tambayi kowa ba. Baba da ya yi shekara arba'in a sahun gaba, shi wannan zai tsarkake. Ni kuwa na sunkuyar da kai, kunya ta kama ni a madadin mahaifina, kuma wannan kunyar ita ce abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Dattijon ya ga fuskata ya gane. Ya ce kada in karaya, akwai wata lamba a bayan rediyon, in aka kwance shi a hankali aka kwafe ta, akwai masu nemo lambar sirri da ita a Sakkwato. Sharaɗin dai kada kowa ya sake dannawa.

Da na yi hankali da na wuce gida. Amma zuciya ta ɗebe ni, na karya kan mota zuwa Maradun, ina so in ga idon mutumin nan lokacin da zai ji abin da ya ƙona. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, don ko za ka yanka mutum a wurinmu sai ka tambayi iyalinsa. Sannan na gaya masa komai, har da zaman Inna na la'asar.

Na zaci zai yi shiru ko na minti ɗaya. Ya shafa gemu ya ce, "To ai laihin Baffa na. Mi za ya sa mutum ya kamanta abu da laya? Ko yau nig gane ta sai na ƙone."

Na ce, "Yaya, da ka buɗe."

"Ba a buɗe ɓarna, kauda ta akai."

Na shiga cikin gida in gaida mahaifiyarsa, don kada in faɗi abin da zai raba zumunci. Na bar makulli a jikin motar, kuskurena ke nan. Da na fito na tarar da shi a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, yana goge yatsa a riga. Ɗigo huɗun nan sun ɓace, sai wani jan layi a miƙe. Wai ya tuna shekarar da Baba ya sauke farali, ya tabbata ita ce. Sai ka ce Bature a ƙasarsa ya zauna ya jira hajjin Baba kafin ya sa wa rediyo lamba. Ya fito yana cewa, "Dama kaɗe-kaɗe aka ji da su, Allah ya hutasshe ka." Na tuƙa motar har Mafara ban san na wuce mararraba ba.

Abin da ya rage shi ne a ciro kaset ɗin da ƙarfi. Na koma wurin mai gyaran bakin kasuwa, don babu wani. Na roƙe shi ya bi a hankali, na ce rediyon ya mutu, ba shi nake so ba, abin cikinsa nake so. Ya ce in kwantar da hankali, wannan aikin yana yi tun ban yi wayo ba. Ya zura sukudireba ya banƙare, kaset ya fito, zarensa ya maƙale a ciki ya biyo baya kamar hanjin kaza. Ya ja, ya tsinke. Ya ɗauko almakashi ya datse wurin da ya tauna, ya haɗa bakin biyu da jan farce, ya hura, ya naɗe da biro, ya miƙo mini yana murmushi. Gyaran gangar Auzinawa. Guntun da ya yanke yana ƙasa cikin ƙura, ya kai kamu biyu, ya murƙushe ba ya gyaruwa. Na tambaye shi me ke jikin wurin, ya ce, "Ɗan kaɗan na, ba a ko lura."

Na aro rakoda a maƙwabta. Bayan la'asar Inna ta ce za ta sha iska, na ɗora rakodar a kujerar direba na danna, amma ranar ban tafi ba, na tsaya a bayan motar. Muryar Baba ta fito kamar kullum. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafin Makka, ya ba da labarin albasa, ya yi ƙorafin ruwa. Ya shiga jerin masu gaisuwa: liman na gaishe ka, maƙwabcinmu na gaishe ka. Sai wani ɗan ƙis, sai ga shi yana cewa ɗiya duka na gaishe ka. Babu uwar ɗiya, babu dariyar.

Inna ta bari har kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Sannan ta sauko, ta gyara mayafi, ta rufe ƙofar motar a hankali, abin da ba ta taɓa yi da kanta ba. Ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Yau ya tsallake ni."

Washegari bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta.