Mai Laita Ya Ɓoye Wuta

A bakin tashar mota, tsakanin mai facin taya da mai sayar da katin waya, akwai wani ɗan tebur da aka tokare gajeruwar ƙafarsa da ɓallin bulo. Nan Mai Laita ya yi zamansa tun gashinsa yana baƙi har ya yi fari fat. Sana'arsa ɗura gas a laita da gyara ta. Kayan aikinsa duka ba su cika akwatin ƙarfe ɗaya ba: gwangwanin gas mai siririn baki, allura, hantsaki, da wata kwalbar magani cike da ƙananan duwatsun ƙyastu.

Direbobi na yawan tsokanarsa. "Kai da ko warin taba ba ka so, me ya haɗa ka da wuta?"

"Ku dai ku sha," yakan ce, "ni in kai cefane gida."

Mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa. Laitar da jikinta ya tsage ba ya ɗura mata, ko da mai ita zai yi ta rantsuwa. In ya ɗura kuwa, sai ya ajiye ta ta ɗan huta, ya goge yatsunsa, ya miƙa hannu nesa da fuska, sannan ya ƙyasta. Rana na juyawa yana jan teburinsa yana bin inuwar lema. In ya hango laita a gaban gilashin mota rana na dukanta, har tashi yake ya ƙwanƙwasa wa direban. Girarsa ta hagu ba ta sake cika ba tun wani ganganci da ya yi yana saurayi, kuma bai taɓa jin kunyar nuna ta ga mai gardama ba.

Ɗaki biyu yake haya a saman wani bene, da ɗan lungun girki a baranda. Matarsa kowa Inna yake ce mata, shi kuma Innar Auta yake kiranta. Manyan 'ya'yansu aiki ya kai su nesa, sai Auta, tela ce, tana aure a can ɗaya gefen gari. Inna tana da wata koriyar laita da take ajiyewa cikin kofi a saman kanta, inda hannun yaran gidan ba ya kaiwa. Shekara da shekaru da ita take kunna murhun gas, in ta ƙare ta miƙa masa ba tare da ta ce komai ba.

Abin ya fara ne a hankali. Inna ta zuba gishiri, ta manta, ta sake zubawa. Ta tambaye shi ko ya ci abinci, alhali kwanon na gabansa. Wata rana buta ta ƙone ƙurmus a kan wuta tana zaune kusa da ita tana kallon titi. Ya ce a ransa tsufa ne, kowa da yadda yake zuwar masa.

Wata la'asar ya dawo, tun daga matakala ya ji ƙaurin tsumma. Ya tarar da matar mai walda, maƙwabciyarsu, durƙushe a baranda da jiƙaƙƙen tawul a hannu. Inna na zaune a ƙasa, hannun rigarta ya cinye har gwiwar hannu, fatar ta yi ja ta tashi.

"Baba, shanya na fito kwashewa na gan ta," in ji matar. "Ta ƙyasta laitar ta riƙe, ta tsaya tana kallona kawai. Ba ta ma kunna murhun ba."

Inna ta ɗago ta dube shi. "Ka dawo? Yanzu zan ɗora maka ruwa."

A asibiti aka wanke ƙunar aka naɗe. Likita ya yi wa Inna 'yan tambayoyi, ta amsa wasu, ta yi wa wasu dariya. Ya ja Mai Laita da Auta gefe ya ce cutar mantuwa ce, gaba take yi ba baya ba, kada a sake barin wuta inda za ta kai hannu.

Da suka koma gida ya bi ɗakunan lungu-lungu. Ya samu laita a aljihun tsohuwar rigarsa, ya samu a durowa, ya samu wata a ƙarƙashin katifa da bai san yadda ta je can ba. Ya haɗa da ashana da koriyar nan, ya zuba cikin akwatin ƙarfensa, ya sa kwaɗo, ya ɗora can saman kabad inda ba zafi, ya rataya makullin a wuyansa. Tukunyar gas ma ya rufe ta tam.

Da safe ya ji ƙarar kofuna a baranda.

"Malam, wa ya ɗauke min laitata?"

"Ta lalace. Na kai gyara."

"Wurin wa? Kai ne fa mai gyaran."

Ta tsaya tana dubansa da naɗaɗɗen hannunta, a wannan lokacin idonta tar, kamar ba abin da ya taɓa samunta.

"Duk gari kana ba su wuta," ta ce, "ni ce ka hana."

Ya fita da akwatinsa, amma ranar ko laita ɗaya bai ɗura da daɗin rai ba.

Kullum sai ta nema. Wani lokaci da faɗa, wani lokaci da kuka, wanda ya fi yi masa ciwo. Da abin ya ishe shi, ya ɗauki koriyar ya fita da ita fili, ya danne bakinta da allura har gas ɗin ya fice ƙaf, ya zare dutsen, ya mayar da ita cikin kofin. Inna ta same ta, fuskarta ta washe. Ta murza, ta murza, ba ko tartsatsi.

"Kai, Malam, hannunka ya mutu," ta ce tana dariya. "Wannan aiki haka, ai sai su kore ka daga tasha."

"Tsufa ne," ya ce. "Ki yi haƙuri da ni."

Sai ya karɓi girkin. Yakan tashi ya dafa abin da ya iya, ya kashe, ya kulle, ya bar ta a hannun matar mai walda. Hakan ya ɗan yi tafiya, har ranar da wani sabon ɗan haya, mai aikin gadi, ya tare shi a matakala da fara'arsa.

"Baba, Inna ta ari laitata ɗazu, in ta gama a miƙo min."

Bai san lokacin da ya haye benen ba. Ya same ta tsaye jikin labule, laitar a tafin hannunta, tana juya ta kamar tana son tuna amfaninta. Ya karɓa a hankali, ya zauna a bakin gado.

Abin da ya daɗe yana gudu shi ya yi a yammacin nan. Ya bi ƙofofin gidan ɗaya bayan ɗaya, yana sallama, yana faɗa wa waɗanda Inna ta yi wa rainon 'ya'ya cewa hankalinta ya fara gushewa, don Allah ko ashana ta roƙa kada a ba ta. Kowa ya ce Allah ya sawwaƙe. Wasu ba su iya haɗa ido da shi ba.

Ya daina zuwa tasha. Mai facin taya ya jingine masa teburin a bayan rumfarsa, ruwan sama ya yi ta dukansa. Dama kasuwar ta ja baya, mutane sun koma sayen laitar da in ta ƙare a jefar.

Auta ce ta gaji da ganin yadda yake ramewa. "Baba, ba ka barci, ba ka cin abinci. Ka bar ni in tafi da ita. Ina gida kullum a kan keken ɗinki, idona na kanta."

"Ba ta san ɗakinki ba. Za ta firgita."

"Baba, nan ɗin ma ta daina saninsa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Shi da kansa ya ninke mata kayanta, ya riƙe hannunta suka sauka matakala, tana tambayarsa ko unguwa za su.

Ya riƙa zuwa duba ta, mota biyu yake hawa kafin ya isa. Da farko takan yi masa ƙorafin Auta ba ta barinta ta taɓa komai. Daga baya ƙorafin ma ya ƙare. Wata ranar ya shiga da sallama, ya zauna kusa da ita a kan tabarma, ta gyara mayafinta ta matsa gefe.

"Auta," ta kira, "kin yi baƙo. Kawo wa bawan Allah ruwa."

Auta ta tsayar da keken ɗinkin, ta kawo ruwan tana share ido da gefen ɗankwali. Ya karɓa da hannu biyu, ya shanye, ya ce wa Inna ya gode, Allah ya saka da alheri. Ta ce ba komai, ya gaida mutanen gida.

Cikin daminar nan ta rasu, da hantsi, Auta na yi mata tsifar kai. Bayan an watse daga zaman makoki 'ya'yan suka taru suka ce ya saki ɗakunan benen ya dawo wurin Auta. Ya ce to, bari ruwa ya ɗauke tukuna. Ruwa ya ɗauke, wani ya sake zubowa, yana can har yanzu. Matar mai walda ce ke aika masa abinci, kuma sau da yawa kwanon a rufe yake dawo mata.