Wandon da Baba Ya Wanke da Kansa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, amma har yau in na tuna shi, ba fuskarsa ce ke fara faɗo mini ba, wandonsa ne. Wata safiya a gidanmu na Zango na tarar da shi tsugune a bayan rumbu yana wanke wando da kansa. Mutumin da ko hularsa bai taɓa wankewa ba! Ruwan wankin ya yi ja. Ya ɗago kai, ni kuma na sunkuyar da nawa na wuce. Wace 'ya ce za ta tambayi ubanta irin wannan?

Daga baya ya ce basir ne. Duk ranar kasuwar Mai'adua sai ya dawo da sabon ƙullin magani. Kusan shekara biyu muna haka. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon daji ne a dubura, kuma ya yi nisa, sai an tsaga ciki an sa masa jakar bayan gida a gefe. Baba ya ce, "Da jaka zan tsaya a sahun gaba? A mai da ni gida." Wata biyar ya ƙara a duniya.

Bana da damina na je gidan babban wanmu, Yaya Habu, sai na hango wando ɗaya tak a shanye can bayan zana. Matarsa ta ce ita ma abin na ba ta mamaki, kwanan nan ba ya ba ta wankinsa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Na tare shi a zaure. "Yaya, jini kake gani?"

"Ke Hassu, ba ki da kunya ne?"

"Ina da ita. Ita ce ta ci Baba."

Wata guda ba ya amsa gaisuwata. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙarshe dai ya je asibiti. Ciwon Baba ne, sai dai ƙarami, an kama shi da wuri. Ba a tsaga cikinsa ba. Ta wurin da ciwon yake aka zura siririn ƙarfe mai kyamara, aka yanke shi aka fitar. Kwana uku aka sallame shi, babu jaka, Juma'ar da ta biyo da ƙafarsa ya je masallaci.

Ina yawan tambayar kaina, da Baba ya ga wannan, me zai ce? Wataƙila ya ce da ya sani. Wataƙila kuma ya ce 'yarsa ta yi rashin ta-ido. Ban sani ba.

Kuma ba mu tsira ba tukuna. An tura naman da aka cire gwaji. In ciwon bai yi zurfi ba, sai dai Yaya ya riƙa zuwa ana duba shi. In ya yi zurfi, sai babban aiki, wataƙila har da jakar. Talata mai zuwa za mu ji. Jiya na lura da yadda yake gyara zaman hularsa in ana maganar, sak Baba, tsoro ya kama ni.

Baba ya bar mana gona, da suna mai kyau, da kunyarsa. Biyun farko ina riƙe da su, Allah Ya jiƙansa. Ranar Talata kuwa ina nan gefen Yaya a ɗakin likita. In har ya ce a mai da shi gida, wannan karon ba zan sunkuyar da kai ba.