Waƙar da Ba Ta da Lamba

A majami'armu ta Samaru, ranar godiyar kaka, kowane iyali kan fito gaba da abin da Allah ya hore masa ana rera waƙar da ya zaɓa. Sai dai ba a faɗin sunan waƙa. Lambarta ake ba shugaban mawaƙa tun kafin ranar, ya kira ta, kowa ya buɗe littafinsa.

Ni kafinta ne, teburan ɗalibai nake haɗawa, ba ni da gona. Mahaifiyata ce ke noma ɗan fili a hanyar Shika, da damin dawarta muke fita kowace shekara. A shekarar da ta rasu, dawar ta nuna ba ta nan. Da muka girbe, na ce wa matata bana da waƙar Mama za mu fita, wadda take rerawa in tana shiƙa. A ciki tana gode wa Ubangiji domin ruwan farko, da tsuntsayen da suka ci suka rage mata, da bayanta da bai karye ba.

"To, lamba nawa ce?" in ji matata.

"Ban sani ba."

"Ai kai ne ɗan bokon gidan yanzu, Baban yara. Ka nemo."

Zolayata take yi, don lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Na je na rera wa shugaban mawaƙa muryar waƙar a hanci. Tun ban kai ƙarshe ba ya gane ta, ya buɗe mini shafin. Na koma shago, na ajiye littafin a kan katako, ina bin baƙaƙen da yatsa. Kalma ɗaya sai in yi ta juya ta kafin ta fito. Na bi baitukan duka. Yabo ne mai kyau, amma babu dawa, babu tsuntsaye. Na ɗauka karatuna ne bai nuna ba, na sake daga farko. Daga baya na yi zaton ko an rage wasu baituka a sabon bugu, na aro tsohon littafin wani dattijo. Shi ma haka.

Ana cikin wannan sai wata Bayarabiya mai sayar da robobi a unguwar PZ, wadda na haɗa wa kantar jera kaya a shagonta, ta gayyace ni bikin godiyar cocinsu a Sabon Gari. Na je. Su doya da ayaba suke kaiwa gaba, da atamfofi, har da wani da ya turo sabuwar tayar mota. Ina kallon tayar sai na ji muryar waƙar Mama ta tashi da Yarbanci. Wace hanya waƙar nan ta bi ta je can?

Bayan sujada na tambayi matar ko a tasu akwai zancen dawa.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Oga kafinta, ina muka ga dawa? Da mu ne, ai doya za mu sa." Sai ta ce kakarta ma in tana wanki takan ɗora nata zancen a kan muryar, har da sunayen jikokinta.

A cikin keken da ya mayar da ni Samaru na fahimta. Mama ba ta taɓa riƙe littafi ba. Muryar ta ɗauko daga majami'a ta kai gona, ta zuba mata abin da ke gabanta.

Na sake samun shugaban mawaƙa na yi masa bayani. Ya sosa kai.

"Malam, abin da ba ya cikin littafi, da me jama'a za su bi ka?"

"Ko ni kaɗai ne, zan rera."

"Da wannan muryar taka mai kama da zarto?"

A ƙarshe ya yarda a kira lambar, in baitukan littafi sun ƙare kada masu kiɗa su tsaya.

Ranar, na ɗauki damin a kafaɗa, matata na biye da ni. Aka gama baitin ƙarshe, mutane suka rufe littattafai, mai buga tulu ta ci gaba. Na ɗaga murya kan baitin ruwan farko. Ina isowa kan tsuntsaye sai na ji an karɓa daga ɓangaren zumuntar mata. Tsofaffi ne, ƙawayen Mama da suke taya juna shiƙa, ba wadda ta duba takarda. Har suka ƙara wani baiti da ni ɗanta ban taɓa ji ba, kan ɗan da ya ƙi noma amma bai ƙi uwarsa ba.

Na sauke damin a gaban bagadi. Matata ta zunguro ni da gwiwar hannu, ta ce a hankali, "Ka ji naka."