Kibod Mai Kunyar Manya

Buga takarda shi ne abin da na iya wanda ba kowace mace ta iya ba a unguwarmu, kuma ban taɓa ɓoye cewa ina ji da shi ba. Tun ina budurwa na koye shi a wata 'yar makarantar tafireta a Kabo, ina zuwa daga Gammo a bayan keken yayana. Da aka kawo ni Gwarzo sai na ajiye, don lokacin maigidana yana aiki a wata masaƙa a Kano. Ana nan masaƙar ta rufe, kamar yadda 'yan'uwanta suka yi ta rufewa a shekarun nan na tsuke bakin aljihu. Ya dawo gida da kwamfuta 'yar gwanjo da firinta da ƙaramin janareto, ya ce shagon buga takardu za mu buɗe a ƙofar gida. Shi da yatsa ɗaya yake bugawa, yana neman harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kowa ya san wa zai yi aikin.

Gidan na Baba ne, mahaifin maigidana, kuma shekarun ne aka ƙaddamar da Shari'a, kowa yana kaffa-kaffa da abin da za a ce game da gidansa. Baba ba mai faɗa ba ne. Ya saurari ɗansa har ya gama, sannan ya ce bai hana 'yar Gammo aiki ba, haka yake kirana, amma ba za ta zauna a shago gaba da gaba da maza ba. Da wannan aka tashi.

Abin da ya cece ni shi ne kibod ɗin da ya zo da kwamfutar ba shi da waya, haka ma mawus ɗin. Batir ake sa musu. Akwai wani ɗan baƙin akwati kamar kwalin ashana da ake jonawa a bayan kwamfutar, shi yake karɓar abin da aka buga. Sai maigidana ya sa aka fasa taga a katangar da ta raba shagon da ɗakina. Katangar ƙasa ce mai kauri. Aka zaunar da sikirin a cikin tagar yana kallon ɗaki, ya cinye kusan dukkanta, sai ɗan fili a gefe da bai fi taƙi ɗaya da rabi ba. Ɗan akwatin nan wayarsa gajera ce, don haka yana kan tebur a ɓangaren shago, daidai bakin filin. Ni kuma ina can ciki a kan tabarma, kibod a kan ƙaramar kujera. Mai aiki ya zauna a benci ya miƙo takardarsa ta filin, ko ya faɗa da baki in buga. Ba ya ganina, ba na ganinsa.

Na ji daɗin zaman nan ƙwarai. Ina bugawa, tukunya tana kan wuta a tsakar gida ina jin ƙamshinta, goyo yana barci a gefena. Ɗalibai suka riƙa kawo aikin makaranta, malaman firamare suna kawo tambayoyin jarrabawa, masu biki suna kawo katin gayyata. Har daga Madadi ake zuwa, ana cewa a kai wa matar nan ta bayan taga, ba ta kuskure. Ina jin su, kaina yana ƙara girma.

Sai kibod ɗin ya fara tsiya. Ina tsakiyar aiki sai ya ɗauke cak. In danna, in danna, ko ɗigo ba ya fitowa. In ja mawus, kibiyar tana nan inda take. In ba mai aiki haƙuri, ya jira ya gaji ya ce zai dawo. Yana tafiya ba da jimawa ba sai abin ya dawo garau, kamar ba shi ya gama kunyata ni ba.

Ba abin da ba mu gwada ba. Muka fara da batir. Muka bar na teburin mai shayi muka sayi mai tsada, muka shanya tsofaffin a rana, maigidana har cizonsu ya yi don wani ya ce masa yana ƙara musu ƙarfi. Muka zargi janareto, sai abin ya yi mana haka ranar da akwai wutar gwamnati. Lokacin wayar salula ta fara shigowa gari, muka ce ko ita ce, maigidana ya riƙa roƙon masu ita su kashe kafin su zauna, wasu suna jin haushi don daman sun shigo ne a ga suna da ita. Na kifa kibod na kakkaɓe shi, na bi tsakanin maɓallan da gashin kaza. A kashe kwamfuta a kunna kuwa, wannan ya zama kamar gaisuwa. Akwai 'yar takardar bayani a kwalin, amma da wani yaren Turawa aka rubuta ta wanda ko malamin Turancin sakandare ya juya ta ya dawo mana da ita.

Maigidana ya ɗaure komai a kwali ya kai Kano wurin mai gyara. Mutumin ya jera su a teburinsa ya yi ta bugawa, lafiya ƙalau. Ya ce masa, "Malam, kayanka ba abin da ya same su, sai dai ko mai bugawar." Maigidana ya dawo ya maimaita mini wannan magana yana dariya. Ranar tuwonsa ya yi gudaji, kuma da gangan ne.

Inna, uwar mijina, ta ce bakin mutane ne, yabo ya yi yawa. Ta kawo turare ta zagaya kibod ɗin da shi. Ban hana ta ba, ɗakin dai ya yi ƙamshi.

Maigidana ne ya fara lura da wani abu. Ya ce, "Ke, kin kuwa san abin nan bai taɓa ɗaukewa a gaban ɗalibi ba? Sai an sami babban mutum." Na tsaya na tuna. Hedimasta, limamin unguwar gabas, wani Alhaji mai sayen gyaɗa, kawun maigidana. Duk a gabansu ya yi mini. Muka yi dariya muka sa masa suna mai kunyar manya. Amma daga baya na fahimci maigidana yana zaton ni ce nake rikicewa idan na ji muryar dattijo, in danna wani wuri. Wannan ya fi maganar mai gyara ƙona mini rai.

Kuma manyan nan su ne masu kai magana. Ta isa kunnen Baba cewa ana zuwa shagon ɗansa a yini ba a sami aiki ba. Maigidana ya aro kibod mai waya don mu gwada. Wayar ba ta wuce bakin tagar ba, sai na durƙusa na cusa kaina kusan cikin shagon kafin in buga. A haka Baba ya shigo ya gan ni. Da yamma ya kira ɗansa ya ce a mayar da na aron. Idan marar wayar ya ƙi, akwai ɗan wani amininsa da ya gama makarantar kwamfuta, a ɗauke shi ya zauna a shago bayan salla, 'yar Gammo ta huta.

Hutun nan ban so shi ba ko kaɗan. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na ɗora sanwa. Ba ni da bakin musu da Baba. Tun da aka kawo ni gidan, tsakanina da shi gaisuwa ce a durƙushe, kaina a ƙasa. Shi ma in yana da magana da ni sai ya faɗa wa iska, ya ce a ce wa 'yar Gammo kaza, ko da daga ni sai shi a tsakar gidan.

Ana saura kwanaki kaɗan salla, da hantsi, maigidana ya tafi duba gonarsa ta Sabon Birni. Sai na ji sallamar Baba a shago, na ji benci ya yi ƙara. Bai taɓa kawo aiki ba. Na matso jikin katanga na gaishe shi. Ya ce an gama gyaran masallacin unguwa, an ce shi zai ba da tarihinsa ranar buɗewa, yana so a buga masa don kada ya manta wani. Na tashi na dama fura a kwanon shana mai murfi, na miƙa ta filin tagar da hannu biyu, kamar yadda nake yi wa duk babban da ya zauna a bencin nan. Ɗalibai dai ruwan randa ne nasu, da moɗa a ƙofar shago.

Ya sha, ya yi hamdala, ya ajiye kwanon a dakalin tagar inda ya ɗauke shi. Ya gyara murya ya fara. Na ɗora yatsuna. Shiru.

Baba yana ta bayanin yadda kakansa ya kafa masallacin da zana, ni ina ta danna abin da ba ya fitowa. Don takaici na danne harafi ɗaya na ƙi ɗagawa. Daidai nan na ga hannunsa ya shigo ya ɗauki kwanon. Sai ga harafin ya ɓarke da gudu a sikirin, layi guda, layi biyu. Baba ya mayar da kwanon. Harafin ya tsaya cak.

Na zura wa kwanon ido. Kwanona ne na silba, a zaune daram tsakanin kibod ɗina da ɗan baƙin akwatin. Sau nawa na gan shi a wurin nan! Ni duk a zatona abin kamar rediyo yake, yana ratsa katanga ma balle kwano. Ashe sai suna ganin juna suke magana. Ashe furata ce take korar mini manya.

To amma yaya zan yi? Ba a janye kwano daga gaban suruki bai gama sha ba, kuma ba ni da fuskar ce masa ya ɗauke. Sai na riƙa tara maganarsa a kaina. Yana ɗaukar kwanon in hau bugu kamar ruwan ƙanƙara a kan kwanon rufi, yana ajiyewa in tsaya. Ina addu'a a zuci Allah Ya ƙara masa ƙishirwa.

Muka yi haka sau kaɗan. Sai ya katse maganarsa.

"Wai ni," ya ce da katanga, "a tambayi 'yar Gammo, maganata ake rubutawa ko shan furata?"

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Baba, kwanon ne."

"Kwanon ya yi me?"

"Yana tare shi ne, Baba. In yana wurin ba ya ji."

Sai hannun ya shigo ya ɗaga kwanon. "A buga." Na buga, na ce ya yi. Ya ajiye. "A buga." Na ce bai yi ba. Ya sake ɗagawa, ya sake ajiyewa, ya kuma sakewa. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba a gidan nan, Baba yana dariya har da tari, yana cewa, "Ikon Allah! Har Kano aka kai shi!"

Ya ɗauke kwanon bai mayar ba. Ya koma kan kakansa da masallacin zana, ya bi limaman ɗaya bayan ɗaya, da shekarar da ruwa ya rushe katangar gabas. Ni kuwa yatsuna suna ta gudu, ko harafi bai ƙwace mini ba. Da na miƙe don in sa firinta ta fitar, na saci kallo ta filin. Furar ta daɗe da ƙarewa. Ga wuri a benci, ga ƙasa, amma yana riƙe da kwanon a kan gwiwarsa da hannu biyu, kamar an ba shi ajiya.

Na karanta masa daga farko har ƙarshe. Ya gyara wuri ɗaya inda shi ya tsallake wani ladan. Ya karɓi takardunsa ya ninke ya sa a aljihun gaba. Sannan ya miƙo kwanon ta taga, bai sake shi ba sai da ya ji na riƙe.

Na ji ya sa takalmansa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Idan wancan ya dawo daga gona," ya ce, "a ce masa ya je ya ba ɗan aminina haƙuri. Muna da ma'aikaci."

Na ce, "To, Baba." Na zauna a tabarma da kwanon a cinyata, har sai da na ji ƙaurin wake daga tsakar gida.