'Yan Dauran Sun Juya Jesi

Jama'a, yau an yi wasa da hankalina a filin Zurmi!

Ni na busa wasan Dauran da Katuru. 'Yan Dauran kullum ja suke sawa, yau sai ga su da kore irin na Katuru. Kyaftin ɗinsu ya yi wuf: "Rafali, mu juya namu, cikinsa fari ne." Saurin nan bai kwanta mini ba. Suna juyawa, lambobi suka ɓace.

Na ba wani dogonsu katin gargaɗi. Bayan hutu ya sake kwashe mutum, na zaro na biyu. Ya ce, "Wancan Hassan ne, ni Husaini."

Ina Hassan ɗin? Wai ya tafi gona.

Golan Katuru ya raɗa mini, "Rafali, ajinmu ɗaya. Sunansa Garba."